Jawabi kan ƙasar Gaya da takardun gidan shari'a



An nemi mu yi magana kan tarihin ƙasarmu ta Gaya da shari'arta. Ƙasa ce ta Dendi, a bakin kogin Kwara, Benin a ƙetaren ruwa, Nijeriya a gabas. A shekarar 1964 hukuma ta maishe ta gunduma a cikin jihar Doso, a 2011 kuma aka cire Junju daga jikinta. Zamanin Turawa hukunci a hannun kwamanda yake, yana iya kulle mutum ba tare da alƙali ba. Sai a 1946 aka kashe wannan doka, tare da aikin tilas.

To, ga abin da muke so a riƙe. Ran 3 ga Yuli 1914, wani Bature mai suna Sadoux, wanda ke riƙe da Gaya, ya rubuta wasiƙa cewa iyakarmu da Dahome ita ce babbar hanyar ruwa da jirage ke bi. Daga baya rigima ta tashi kan tsibirin Lete. An zubar da jini a 1960, a ƙarshen 1963 kuma aka kori 'yan Dahome daga Nijar. Magana ta yi ta ja har ta kai Kotun Duniya a birnin Hague. Can aka baje wasiƙar nan, da shaidar cewa hukumar Gaya ce ke karɓar haraji a tsibirin. Ran 12 ga Yuli 2005 kotu ta ba Nijar Lete. Cikin tsibirai 25, mun samu 16, Benin 9.

Ku duba, takarda mai shekara 91!

Mu fa? Da yawanmu muna Kwatano ko Legas, gonakinmu na hannun aro, shaida kuwa bakin tsoho ne kawai. Ran da tsohon ya kwanta dama, mai aro sai ya ce gado ne, kuma alƙali a Gaya takarda zai fara tambaya. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ba da takardar aro, jingina ko saye. In sarki ya yi sulhu, a roƙa a rubuta, a sa hannu.

Saboda haka muna roƙon kowa, kafin ya koma, ya kai wa magatakarda sunan gonarsa da na wanda ke nomanta. A zo da dattijo ɗaya na gida.