Abin Da Ɓeraye Suka Koya Wa Likitoci Game Da Ciwon Dajin Nono



Abin da ya tara mu yau a Dogon Daji shi ne ciwon dajin nono, wanda ke halaka mata. Ina so in bayyana muku yadda aka gano abin da ke ciyar da shi.

A jikin mace akwai wani sinadari, istirojin, wanda gidan ƙwanta ke zubawa cikin jini. A 1895 Likita Beatson na Gilasgo ya cire gidan ƙwan wata majinyaciya, sai ƙullutun nononta ya ragu, amma ba a san dalili ba. Masana suka koma gwaji kan ɓeraye. A 1932 Lacassagne na Faransa ya yi ta yi wa ɓeraye maza allurar sinadarin nan, har ciwon ya fito musu. A 1958 Jensen na Amurka ya nuna mahaifar ɓera tana kama sinadarin ta riƙe, tsoka kuwa ba ta riƙewa. Ashe akwai makarɓi a cikin naman, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. In mabuɗi ya shiga, sai ƙullutu ya yi ta girma.

A shekarun 1970 Jordan ya gwada wa ɓeraye magani mai suna tamoxifen, wanda ke toshe kwaɗon, sai ciwon ya kasa tsirowa. Yanzu mata na shan ƙwayarsa kullum har shekara 5 ko fiye.

To, amma ba kowane ƙullutu ke da makarɓin nan ba, wanda ba shi da shi kuwa maganin ba ya yi masa aiki. Sai likita ya ɗebi ɗan nama an auna kafin a sani.

Saboda haka ina roƙonku ku umarci dagatai da masu unguwa, daga Tambuwal har Kebbe, su gargaɗi magidanta. Matar da ta ji ƙullutu a nono, ko da ba ya ciwo, kada a kai ta wanzami ya tsaga. A kai ta asibiti da wuri, daga can a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Jinkiri shi ke kashewa.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya. Amin.