Jawabi A Kan Katakon Mefil Mai Zane



Yau zan yi muku bayani a kan wani katako na ƙasar waje. Itacen da ake yanko shi sunansa mefil, yana fitowa ne a gabashin Amurka da Kanada. Ganyen irinsa ne kuke gani a tutar Kanada tun shekarar 1965.

Asalin katakon mefil fari ne sumul. Amma akan sami wani mai zane-zane dogaye, masu launin toka ko ƙasa-ƙasa, wasu da ɗan shuɗi-shuɗi, suna bin tsawon katakon. In mutum ya duba da kyau zai ga 'yar huda kamar ta allura a cikin zanen. Turawa suna kiransa amburosiya. Ba wani jinsi ne dabam ba, yawanci jan mefil ne.

To, me ya kawo zanen? Wani ɗan ƙwaro ne yakan huda itacen tun yana ɗanye, ya shiga da fumfuna a jikinsa. Abin mamaki, ƙwaron ba ya cin itacen. Fumfunar yake shukawa a ramin, shi da 'ya'yansa su ci, kamar manomi da gonarsa. Wannan fumfuna ita ke rina katakon sama da ƙasan hudar.

Da can 'yan katako suna ɗaukar wannan zane aibi ne, sai a sayar da shi da araha. Yanzu kuwa kafintoci nemansa suke yi, domin ba a samun allo biyu masu zane iri ɗaya. Ana yin tebur da shi, da ƙofar kabad, da daɓen ɗaki, da akushi. Yana karɓar zarto, yana yin santsi in an goge. A ganina ɓarna ce a rufe shi da fenti. Mai mara launi ya ishe shi.

Ga inda nake so ku saurara sosai. Wannan ƙwaro ba ya rayuwa a busasshen katako. Da zarar an busar da shi a tanderun katako, ƙwaro da fumfuna duk sun mutu, ƙarfin katakon kuma bai ragu da wani abin kirki ba. Amma akwai wani ƙwaro dabam mai cin busasshen katako, wanda danginsa ke huda mana obece a nan Nijeriya, kuma kujera sukutum yakan cinye ta daga ciki. Saboda haka kafin ku biya kuɗi, ku kifa allon ku ƙwanƙwasa. In bakin hudar baƙi ne, babu abin da ya zubo, tsohon rami ne. In kuwa gari ya zubo mai laushi kamar na tuwo, mai gidan yana ciki, kada ku shigar da allon shago kusa da sauran kayanku.