Bauta a Majigi: Abin da Ya Kamata Ɗalibanmu Su Gani



Kwanakin baya, a gidanmu na Ƙofar Taramniya, na iske ɗana yana kallon wani fim na yara a wayar mahaifiyarsa. Labarin William Wilberforce ne, ɗan majalisar Ingila da ya dage har aka haramta fataucin bayi a 1807. Da ya gama sai ya ce, "Baba, mu dai ba a taɓa yin bauta a ƙasarmu ba ko?" Wallahi na yi tsit, kamar ranar da malamin tarihi ya tsayar da ni a aji huɗu.

An yi mana. An sayar da mutane a kasuwanninmu, bayi sun yi noma a rinji, wasu sun biya murgu har suka fanshi kansu. Turawa sun zartar cewa wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Zamanin kakanninmu ne, ba nisa.

Kuma fim ɗin da za mu nuna muna da shi. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a 1934, Adamu Halilu ya mai da shi fim da Hausa a 1976, an gyara shi an nuna a birnin Balin a 2018. Yaro ne aka sace aka ƙetara da shi hamada, uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Wanda ya kalli wannan uwa bai buƙatar dogon bayani.

Jarumai ma ba sai mun je Turai ba. Can tsallaken Illela, a ƙasar Ƙonni, an sayar da Hadijatou Mani tana 'yar shekara 12. Ta kai gwamnatin Nijar ƙara kotun ECOWAS, ta yi nasara a 2008.

Na san wasunmu za su ce tone-tone ne, kuma akwai gidajen da maganar ke yi wa zafi. Shi ya sa ban yarda a kunna wa yara fim a fita a bar su ba, kada gobe wani ya kira ɗan'uwansa bawa a filin wasa. Malamin tarihi ya zauna da su.

Roƙona, Shugaba, a ware wani abu daga gudummawar bana a saya wa makaranta majigi da batir mai aiki da hasken rana. Ni zan ɗauki kuɗin allon.