Wa Ke Riƙe da Tukunya? Aikin Jinya da Sauya Halin Mai Hawan Jini



A yawancin asibitocinmu, ranar awo da ranar masu hawan jini da jawabi ake buɗe su. Nas za ta tsaya gaban bencina ta ce a rage gishiri, a sha magani kullum, a riƙa motsa jiki, a dawo ranar da aka rubuta a kati. Jama'a su amsa da "To Sista, mun gode." Bayan wata uku a sake ɗaura musu abin awo, a tarar jini na nan inda yake, wani ma ya haura. Sai mu rubuta cewa majiyyaci ba ya bin umarni. Abin da na zo da shi gaban wannan taro na ma'aikatan jinya da ungozoma shi ne, galibin waɗannan mutane sun ji, sun kuma gane. Matsalar ita ce sau da yawa wanda muke yi wa jawabin ba shi ke da iko da abin da muke so a sauya ba.

Dukkanmu mun karanta matakai uku na riga-kafi: hana cuta kamuwa tun farko, gano ta da wuri, da kuma hana ta nakasa wanda ta riga ta kama. A hawan jini, na farko shi ne abinci da motsa jiki, na biyu awo, na uku tsare mutum daga shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da gazawar zuciya. Ba zan daɗe a nan ba. Abin lura kawai shi ne dukkan ukun a gida ake yin su, nas ba ta nan.

A shekarun 1950, masana a hukumar lafiyar al'umma ta Amurka, irin su Hochbaum da Rosenstock, sun yi mamakin yadda ake kai motar hoton ƙirji kyauta har unguwa don gano tarin fuka, amma mutane ba sa fitowa. Daga nan suka fitar da ra'in da ke cewa mutum ba ya motsawa sai ya yarda cutar za ta iya kama shi, ya yarda tana da muni, ya ga amfanin abin da aka ce ya yi, sannan amfanin ya rinjayi wahalar da ke ciki. Wannan ra'i ya yi wa hawan jini daidai ta fuska guda. Cuta ce da kan daɗe ba ta nuna alama, mu kuwa a wurinmu an ɗaure ta da ciwon kai da yawan tunani. Shi ya sa za ka ji dattijo ya ce, "Ai jinin ya sauka, kaina ya daina ciwo," ya ajiye magani. Ba taurin kai ba ne. A fahimtarsa ya warke, kuma mai lafiya ba ya shan magani. Idan nas ba ta tambaye shi yadda yake gane jininsa ya hau ba, ba za ta taɓa sanin inda gizo ke saƙar ba.

Inda ra'in ya gaza mana shi ne ya ɗauka mutum shi kaɗai ke yanke wa kansa hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, haɗe da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi da taliyar leda. To, magidancin da muka faɗa wa haka, shi ke zuba gishiri a miya? A gidan da ake girki ɗaya don mutum goma sha biyar, kuma ake karɓa-karɓar girki tsakanin mata, wace ce za ta yarda a ce miyarta ce ta yi lami? Ita kuma matar da ke da cutar, kuɗin magani da na mota da izinin fita duk suna hannun mai gida. Idan ta ce "Sai na faɗa masa," gaskiya ta faɗa, kuma a nan aikinmu ya kamata ya fara. A gayyato mai gidan, ko babban ɗa, ko wadda ke riƙe da tukunya. Minti biyar da ita sun fi jawabi goma ga wanda sai dai a ajiye masa kwano.

Bari in tsaya kan jego, domin a nan ne muka fi yi wa mutane tsawa. A shekarun 1970, Davidson da Parry sun yi rubutu kan yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Tun daga nan wannan bayani ya zauna a azuzuwanmu. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka yi daga baya ya fi nuna yatsa ga talauci, rama, ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, da hawan jinin lokacin ciki, fiye da waɗannan al'adu. Wannan bai wanke kanwa ba. Tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kuma macen da ta haihu da hawan jini ko ta yi jijjiga ba ta da haɗi da ita. Sai dai ya kamata ya rage mana zafin baki. Kakar da ta tashi da asuba ta tafasa ruwa ta dama kunu, so take 'yarta ta yi ƙarfi nono ya kawo. Idan muka kira aikinta jahilci, mun rasa ta, kuma ita ce za ta kwana arba'in tare da mai jegon. Gara a ce mata, "Inna, a ci gaba da kunun, a sa gyaɗa da tsamiya, kanwar kawai za a ɗaga mata saboda jininta." An bar mata girmanta, an cire abu guda.

Prochaska da DiClemente, waɗanda suka yi nazarin masu barin taba, sun nuna cewa sauya hali hawa-hawa ne: akwai wanda bai ma fara tunani ba, akwai mai waswasi, mai shiri, wanda ya fara, da mai ƙoƙarin ɗorewa, kuma komawa baya na cikin tafiyar. Jawabin benci yana yi wa dukkansu magana iri ɗaya. Dabarar hira da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 kan masu shan giya ta fi amfani a ɗakin awo: a yi tambaya, a saurara, a bar mutum ya faɗi dalilinsa da bakinsa. Maimakon "Kana shan maganinka?" wadda amsarta kullum "Eh" ce, a ce, "Baba, a makon nan kwana nawa maganin ya kuɓuce maka?" Tambayar ta nuna ba abin kunya ba ne, sai ka ji ya ce ai tun ranar kasuwa ya ƙare, ko kuma yana sa shi yawan fitsari yana karya masa alwala. Na farko matsalar kuɗi ce, na biyu kuwa magana ce da likita zai iya gyarawa ta sauya lokacin sha ko sauya ƙwayar. Haka azumi: idan ba mu tayar da maganar tun cikin Sha'aban ba, da yawa za su ajiye magani wata guda ba su gaya wa kowa ba, alhali ƙwayoyi da dama sau ɗaya ake sha a rana, ana iya tsara su da sahur ko buɗa-baki bisa shawarar likita.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: nas ɗaya, layi har bakin ƙofa, ina lokacin hira? Gaskiya ne, kuma Yarjejeniyar Ottawa ta 1986 kan bunƙasa lafiya ta riga ta ce ba a ɗora wa mutum shi kaɗai nauyin lafiyarsa, sai manufofin gwamnati da muhalli sun tallafa. Ba nas ce za ta sauke farashin magani ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. A ƙara layi biyu a kati: wa ke girki a gidan, wa ke sayen magani. Kafin mutum ya tashi a ce ya maimaita abin da zai yi da kalmominsa. A yi yarjejeniya da shi kan abu ɗaya tak, misali a rage dunƙule ɗaya a miyar dare, a rubuta, nas ɗin da ke aiki ranar da ya dawo ta tambaye shi yadda aka ƙare. Makarantun jinya kuma su riƙa jarraba ɗalibi kan wannan hira a gaban malami, da Hausa, kamar yadda ake jarraba shi kan ɗaura abin awon jini.