Wa Zai Tsaya Wa Baƙo?

 An ba ni ɗan lokaci a cikin wannan biki domin in yi magana da samarinmu da 'yammatanmu da suka gama makaranta, waɗanda su ke so su ba da 'yan watanni su koyi aikin taimakon 'yan gudun hijira, watau su shirya su domin neman abin yi. Nufi ne mai kyau. Amma kafin ku ɗauki alƙalami, ya kamata ku san ƙasar da ku ke takawa.

Madinan nan da mu ke zaune, mutanen da aka tasa ne suka kafa ta. Cikin shekara ta 1959 aka tashi mutane daga Shiashie, kusa da filin jirgin sama, suka zo nan ƙasar mutanen La tare da shugabansu Alhaji Seidu Kardo, suka sare daji suka yi gari. Cikin 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako 2 su bar Gana, gidaje da yawa a Nima da Maamobi suka wayi gari babu masu su. Cikin 1983 kuma Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan 1. Saboda haka in an ce baƙo ya zo hannu wofi, ba sabon labari ba ne a zango.

To, yanzu ku ji abin da ya faru a Buduburam, can gaba da Kasoa a kan hanyar Cape Coast. An buɗe wurin cikin 1990 domin mutanen Laberiya da yaƙi ya koro, har a wani lokaci suka fi 40,000. Ƙungiyoyin agaji da na ikilisiya sun yi ƙoƙari ƙwarai, sun koya wa mutane ɗinki da aikin kafinta da gini da gyaran gashi, aka ba su takardun shaida. Duk da haka da yawa suka rataye takardar a bango, ba su sami inda za su yi aiki da ita ba. Wani masani ɗan Japan, Naohiko Omata, ya yi bincike a wurin cikin 2008 da 2009, ya tarar waɗanda su ke da ɗan hali galibi kuɗi a ke aiko musu daga 'yan'uwansu na ƙasashen waje, musamman Amurka. Cikin 2012 aka daina lissafa 'yan Laberiya a cikin 'yan gudun hijira, cikin 2024 aka rushe sashi mai yawa na wurin.

Me ya hana su? Ba ragwanci ba ne. Ba su jin Twi, harshen ciniki, kuma babu wanda ya san su. Gama a birnin nan galibin aiki ba da wasiƙa a ke samunsa ba. Tela ko makaniki ko mai walda ba ya ɗaukar yaro sai wani babba ya kawo shi, ya biya kuɗin shiga, ya ce, in almakashi ya ɓata ni za a tambaya. Yaron kuwa zai yi kamar shekara 3 ba albashi, sai ɗan kuɗin abinci, kafin a sallame shi. Wanda ya bar uba da kawu a bayan iyaka, wa zai kawo shi?

Kakanninmu fatake sun san maganin wannan tun zamanin goron Salaga. Baƙo ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, in za a ba shi kaya bashi ya yi masa lamuni. Da haka wanda ya zo jiya ya ke ciniki yau. A ganina aikin da ku ke so ku koya ke nan, ko da ya ke yanzu ya sami ofis da kwamfuta. Na sani a Legon an koya muku yadda a ke rubuta takardar neman aiki, ba na rena wannan, zai amfani malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ta gudo da takardunta. Amma ga mafi yawansu tafiyar ƙafa zuwa shagon maigida ta fi wasiƙa goma. Ku kuwa yara ne, maganarku ba ta isa lamuni ba tukuna. Sai ku nemi dattijo ko uwa a unguwa wanda masu sana'a su ke jin kunyarsa, ku tafi tare. Ku iyaye da ku ke ji na, a nan ne naku ya shigo.

Akwai kuma batun doka, wanda tilas ku sani domin kada ku jefa mutum cikin wahala da kyakkyawar niyya. Dokar 1992 ce ta kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana, a wurinta a ke rubuta suna a karɓi katin shaida, ta hannunta kuma a ke neman izinin aiki daga ma'aikatar shige da fice. Sa'an nan dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe waɗansu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, kamar ƙaramin ciniki a kasuwa, da talla, da buɗe shagon aski ko na gyaran gashi. Kada ku ce ai ba a kula, gama cikin 2019 da 2020 an kulle shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da nan Ankara a kan wannan magana. Kafin ku sa mace ta ɓata shekara tana koyon gyaran gashi da begen buɗe shagonta, ku je hukumar ku tambaya yadda abin ya ke a yau.

Tun 2022 mutanen Burkina Faso suka riƙa ƙetarowa wajen Bawku saboda masu bindiga, har aka buɗe musu masauki a Tarikom. Wanda ya gangaro Ankara daga cikinsu, zango zai nufa, domin a nan zai sami mai jin Hausa ko Mosanci ko Fillanci. Kada ku fara da tambayarsa abin da ya gani a hanya, in yana so ya faɗa zai faɗa. Ku tambaye shi aikin da ya ke yi a garinsu. Mai kiwo ya san lafiyar dabba fiye da ku duka, mahauta da masu tumaki suna bukatar irinsa. Manomin albasa da tumatir ba sai an koya masa lambu ba. Mutum mai shekara 40 da 'ya'ya 5 ba ya iya zaman shekara 3 ba albashi, irinsa aikin yini a ke nema masa tukuna. Ku kira shi Baba ko Malam, ku kira matarsa Inna, kada ku bar shi tsaye ku kuna zaune. Kada kuma ku ɗaura taimakonku a kan addininsa, ko wane ne shi.

Ran da maigida ya karɓe shi, aikinku bai ƙare ba. Watan fari shi ne mai wuya: kuɗin mota ya ƙare, ko an yi masa tsawa da harshen da bai ji ba, ya yi fushi ya zauna a ɗaki. Ku leƙa shagon kowane mako, ku gai da maigida tukuna, ku ji ta bakinsa, sa'an nan ku ja baƙon gefe ku ji tasa. In watanninku sun cika za ku tafi, ku kai wanda zai gaje ku shagon da ƙafarku, ku nuna shi ga su biyun.