Takardun Kakanninmu: Ina Ya Dace Mu Kai Su?

 

Uwar ƙungiya, shugabanni, iyayena da 'yan'uwana mata, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu.

Maganata a kan wata dukiya ce da ba a cika lissafa ta ba in ana rabon gado, wato tsofaffin takardu. Da wuya a sami gidan da babu adaka ko gafaka cike da su: wasiƙun ajami, rasitin haraji na zamanin En'e, littafin bashi na fataken Gwanja, takardun hajji, hotuna. Kuma mu mata, a ɗakunanmu ake ajiye su.

To, gida ba ya riƙe takarda har abada. Gara na ci, ɓera na yaga, laimar damina na sa tawada ta zube. Ga kuma gobara. Mu 'yan kasuwa ba mu manta da ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Wani lokacin ma yara ne za su kwashe, sai ka ga wasiƙar kaka an naɗe tsire da ita.

Akwai wuraren da aikinsu ke nan. A nan Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take. Akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Mai takardun NEPU ta fara tambaya can. A Kaduna akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, da aka mayar cibiyar tarihi a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sannan akwai ofishin adana takardun tarihi na ƙasa. Sakkwato kuma suna da cibiyar Waziri Junaidu, wadda ta yi suna wajen rubuce-rubucen Larabci da ajami. Kowace ta duba irin takardunta da garin da suka shafa, sannan ta zaɓa.

Amma kafin ki ɗauki ko falle ɗaya, ki tuna ba naki ba ne ke kaɗai. Kayan magada ne, sai an zauna kowa ya yarda. Takardar fili da ta gida kuwa ba a bayarwa, kwafi kawai za a kai.

In kun je, ku yi ciniki irin namu na kasuwa, kada kunya ta hana ku tambaya. Kyauta ce ko ajiya? Kyauta ta fita hannunku ke nan, ajiya kuwa amana ce, kuna iya karɓa. A ina za a ajiye? Wa zai iya karantawa? In akwai sirrin iyali, za a rufe har wani lokaci? Jikokinmu za su samu gani? Duk abin da aka amince, a rubuta, a sa hannu, a ba ku rasiti. Ai ko buhun gero ba ma bayarwa da baki kawai.

Kafin nan, kada a manna salatif, kada a yi lamineshin, kada a ƙulle a leda. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunmu zai yi rana: mu zauna da tsofaffi tun suna raye, mu rubuta wa ya rubuta, wa aka aika wa, wane ne a hoto.

Shawarata, ƙungiya ta naɗa mata uku su ziyarci Gidan Ɗan Hausa, su kawo mana bayani a taro na gaba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana.