Bagaruwa da Makomar Jima a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya taɓa cizon ɗanyar kanya ko ya tauna goro ya san ɓauri, wato yadda baki ke ɗaurewa harshe ya yi kaushi. Abin da ke haddasa wannan wani sinadari ne da masana ke kira tanin, ɗaya daga cikin babban dangin sinadaran finol da tsirrai ke ƙerawa don kare kansu daga ƙwari da dabbobi da ruɓa. Aikinsa shi ne kama furotin ya ɗaure shi. A baki yana kama furotin ɗin yawu, a jikin fata kuma yana kama zaruruwan da suka saƙa ta, ya hana ƙwayoyin cuta cinye su, sai fatar da za ta ruɓe cikin kwana biyu ta zama abin da jika zai gada. Abin da nake son tabbatar muku a yau shi ne bagaruwa, itacen da ya fi kowane ba mu wannan sinadari, amfanin gona ce, kuma ƙananan hukumomin nan uku, Ikara, Maƙarfi da Kudan, sun fi kowa dacewa da su riƙe ta da wannan matsayi.

Majeman ƙasar Hausa sun daɗe da ƙwarewa a wannan ilmi. Su jiƙa fata, su cire gashi da ruwan toka, su daka 'ya'yan bagaruwa su zuba a ruwa, su yi ta cuɗa fatar a ciki har ta jemu, sannan a shafa mata mai. Daga nan sai dukawa su karɓa. Jan launin da fatarmu ta yi suna da shi daga karan dafi yake fitowa, kuma shi ma sinadarin finol ne da ke cikin kuben ganyen wannan irin dawa. Baƙin kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera: da zarar ƙarfen da ya narke a ruwan ya sadu da tanin ɗin da ke jikin fatar, sai wurin ya rine baƙi ƙirin. Da irin wannan haɗuwa ta ƙarfe da tanin Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗa tawadar rubutu. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar da takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin da ake fitarwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko, a yi wa littattafai masu tsada bango da ita.

Abin da ya sauya lissafi shi ne jima da gishirin kurom, wadda Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Yau mafi yawan fatar duniya da shi ake jeme ta, haka ma manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Gishirin daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, ruwan da ya yi saura kuma yana bin magudanai ya faɗa koguna irin Challawa, waɗanda manoman rani ke ban-ruwa da su. Irin wannan gurɓata ruwa na cikin abin da ya sa masu saye a Turai suka sake waiwayar fatar da aka jeme da tsirrai. Wasu ƙasashe sun riga sun gina arziki a kan haka. Afirka ta Kudu da Barazil suna noman wani ɗan'uwan bagaruwa gandu-gandu don ɓawonsa, Ajantina tana tatsar tanin daga itacen kebaraco, Feru tana fitar da 'ya'yan tara. Kuma ba jima kaɗai suke yi da shi ba: ana haɗa gam na manna katako, da maganin tsatsa, da garin da ke kwantar da laka a ruwan sha. Mu kuwa bagaruwarmu tana fitowa da kanta a bakin fadama, yara da mata su tsinci 'ya'yan a sayar a mudu, mai neman itacen girki ko gawayi ya zo ya sare uwar.

Me ya sa na ce nan ne wurin? Ku dubi inda muke zaune. A kudu da mu akwai Zariya, inda cibiyar nazarin fata ta ƙasa, NILEST, take a Samaru da tarihin da ya faro tun 1964, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga Jami'ar Ahmadu Bello. A arewa da mu akwai Kano, kasuwar fata mafi girma a Nijeriya. Masu ilmin suna gefe guda, masu saye suna ɗaya gefen, ƙasar laka mai riƙe ruwa da bagaruwa ke so kuma tana hannunmu.

Za a ce kurom ya fi sauri, fatarsa ta fi laushi da jure zafi. Gaskiya ne, kuma ban ce a rufe masana'antun Kano ba. Amma bel, sirdi, jaka, gindin takalmi da bangon littafi sun fi son fatar tsirrai, don ita ce ke riƙe siffa ta karɓi zane. Babban aibin bagaruwa a wurin mai masana'anta shi ne rashin tabbas: buhun yau ya bambanta da na gobe, an gauraya da ƙwallaye da ƙasa, wani an tsince shi bayan ruwa ya wanke ƙarfinsa. Wannan matsalar awo ce, kuma ɗakunan gwaji na Zariya za su iya magance ta: a cire ƙwallo, a shanya a inuwa, a niƙa, a auna yawan tanin, a rubuta a jikin buhu. Wani zai ce manomin Maƙarfi ba zai bar rake ba, na Ikara da Kudan ba zai bar tumatir da masara ba, don itacen da sai ya ɗauki wasu shekaru kafin ya yi 'ya'ya. Ba ya bukatar barinsu. Wurin bagaruwa iyakar gona ne da bakin rafi da gefen burtali, inda ƙayarta za ta zama shinge, saiwarta ta riƙe ƙasa daga zaizaya, kuma kasancewarta dangin wake tana ƙara wa ƙasa taki. Ban kuma kawo shawarar gina katafaren kamfani ba. Shekarun da kamfanin tumatir na Ikara ya yi a rufe sun isa su sa mu fara da ƙungiyar masu tsinta, da injin niƙa, da ma'auni.

Dole in ƙara da gargaɗi, domin ƙarfin da ke jeme fata ba ya bambanta fatar akuya da hanjin mutum. A 1925 likitocin Amurka suka fara shafa tanin a ƙuna, daga baya aka daina saboda an gano yana lahanta hanta. Mutanenmu suna shan jiƙon bagaruwa don zawo da basir ba tare da awo ba, kuma shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, abin da ya shafi mai juna biyu ƙwarai. Awaki ma kaɗan yana rage musu tsutsar ciki, da yawa kuma yana hana abinci amfanar su. Ruwan majema na gargajiya shi ma bai kamata a sake shi cikin rafi haka nan ba. Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su sa bagaruwa cikin irin da ake rabawa lokacin dashen itatuwa, iyayenmu hakimai da dagatai su hana sare ta don gawayi, malaman Samaru da Basawa kuma su turo ɗalibansu su fara auna 'ya'yan da ake kawowa kasuwanninmu a kakar bana.